Daga Teburin Girkawa Zuwa Lilon Sama: Tarihin Kalmar Trapèze da Wasan da Ya Ɗaukaka Ta

Gabatarwa

Yaron da ya yi firamare a Maraɗi ko Garwa ko Anjamena ya san kalmar trapèze tun yana ƙarami, domin malamin lissafi yakan zana masa ita a allo: siffa mai gefe huɗu, biyu daga cikinsu suna tafiya daura da juna ba sa haɗuwa, ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Takwaransa na Kano ko Kumasi kuwa trapezium aka koya masa. Idan wannan yaro ya girma, ya karanta a jaridar Faransanci cewa wata mata ta faɗo daga trapèze ta karye, dole ya tsaya yana tunanin yadda mutum zai faɗo daga zanen allo. Abin da jaridar take nufi shi ne gajeriyar sandar nan da ake ratayewa da igiya biyu can kusa da rufin gidan wasa, wadda 'yan wasa ke kamawa su yi lilo, su sake ta su tashi cikin iska.

Kalma guda ce take ɗauke da ma'anonin biyu, har da wasu da dama, kuma asalinta bai shafi lissafi ko wasa ba. Sunan tebur ne. Wannan darasi zai bi sawun kalmar daga tebur zuwa lilo, ya kuma tsaya a kan tarihin wasan da ya sa duniya ta san ta. Abin da tarihin ke nunawa shi ne, asalin kalma ba ya riƙe ma'anarta. Masu aiki da ita ne suke ɗaukar abin da suke bukata a jikinta su bar saura.

Tebur Mai Ƙafa Huɗu

A tsohon Girkanci, trapeza na nufin tebur. Masana asalin kalmomi sun rarraba ta gida biyu: wani guntu na kalmar da ke nufin huɗu, da kuma peza, wato ƙafa. Ma'anarta ta farko ke nan, mai ƙafa huɗu. Abu ne da aka yi shi domin ya tsaya daram a ƙasa, a ɗora masa kaya kada su zube.

Tun a wancan zamani kalmar ta fara yaɗo. 'Yan canjin kuɗi na kasuwannin Girka a kan tebur suke baje tsabar kuɗinsu, saboda haka aka riƙa kiran ɗan canji da sunan da ke nufin mai tebur, wurin aikinsa kuma tebur. Har yau idan mutum ya je birnin Atina yana neman banki, kalmar trapeza zai nema a jikin gini. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, tunda shi ma yana da mai tebur, wato ƙaramin ɗan kasuwar da ke sayar da ashana da sukari da alewa a bakin titi. Ita kanta kalmar banki da Hausa ta ara daga Ingilishi, tushenta kalmar Italiyanci ce mai nufin benci, irin wanda 'yan canjin Italiya suke zama a gabansa.

A gidajen ibadar Kiristocin Gabas, ɗakin da masu zaman zuhudu ke taruwa su ci abinci shi ma trapeza ake ce masa, kuma ta wannan hanya kalmar ta shiga Rashanci da ma'anar cin abinci. Birnin Tirabzon na ƙasar Turkiyya, wanda ke gaɓar Bahar Aswad, sunansa na asali Trapezus, saboda tudun da aka kafa shi a kai shimfiɗaɗɗe ne kamar tebur. Nan ne rundunar sojojin haya na Girka, wadda Zenofon ya rubuta labarinta, ta iso bakin teku a shekara ta 400 kafin haihuwar Annabi Isa, bayan doguwar tafiya daga ƙasar Iraƙi ta yau.

Kalmar ta ƙetaro Afirka ma da ma'anarta ta asali. Larabcin Masar da na Sudan suna kiran tebur tarabeza, kuma Bahaushen da ya zauna a Hartum ko Wad Madani ya san wannan kalma sarai. Harshen Amhara na ƙasar Habasha shi ma daga Girkanci ya samo sunan tebur.

Daga Tebur Zuwa Allon Lissafi

Girkawa suna da hanyar ƙanƙanta suna, kamar yadda Hausa ke cewa ɗan tebur. Ƙaramin tebur shi ne trapezion. Wannan ƙanƙantaccen suna ne Uƙlidis, masanin lissafin da ya rayu a Iskandariya wajajen shekara ta 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya shigar cikin littafinsa na ginshiƙan ilimin siffofi. Da ya zo kan siffofi masu gefe huɗu, sai ya ba guda huɗu sunayensu, murabba'i da 'yan'uwansa, sannan ya tattara duk sauran da ba su shiga cikin waɗannan ba ya kira su ƙananan tebura. A nan ƙafafun tebur suka ɓace. Abin da ya rage shi ne samansa mai kusurwa huɗu.

A ƙarni na 5 Miladiyya wani malami mai suna Furokulus ya yi wa littafin sharhi, ya rarrabe siffofin. Wadda gefenta biyu ke daura da juna ita ce trapezion, wadda kuma babu gefenta da ke daura da wani ya kira ta da sunan da ke nufin mai kama da tebur. Harsunan Turai sun bi wannan tsari, Ingilishi ma ya bi shi har zuwa 1795, lokacin da wani masanin lissafi na Ingila, Charles Hutton, ya wallafa ƙamus ɗinsa na lissafi, inda sunayen biyu suka yi musayar gurbi. Ingila ta koma kan tsohon tsari cikin ƙarni na 19, Amurka kuwa ta zauna a kan na Hutton. Shi ya sa siffar da ɗalibin Nijeriya ko Gana yake kira trapezium, littafin Amurka trapezoid yake ce mata. Ɗalibin da ke neman bayani a intanet yana iya faɗawa cikin wannan rami ba tare da ya ankara ba.

Larabawa sun bi wata hanya dabam. An fassara littafin Uƙlidis zuwa Larabci a Bagadaza tun zamanin Halifa Haruna Rashidu, kuma a fagen lissafi ba su ari kalmar Girkanci ba. Sun yi amfani da tasu kalmar mai nufin abin da ya karkace, har yau kuma ɗaliban makarantun Larabci shibhu munharif suke kiran wannan siffa.

Siffar tana da amfani ga manomi, domin gonaki da yawa haka suke. Idan gona tana da gefe guda mai mita 60, wanda ke daura da shi yana da mita 40, tazarar da ke tsakaninsu kuma mita 30 ce, sai a haɗa 60 da 40, a ninka da 30, a raba biyu. Faɗin gonar ya zama murabba'in mita 1,500.

Sanda da Igiya Biyu

A farkon ƙarni na 19 ƙasashen Turai sun shiga kafa makarantun motsa jiki domin ƙarfafa sojoji da matasa. A Faransa wanda ya fi shahara a wannan aiki shi ne Francisco Amorós, hafsan soja ɗan ƙasar Sifen da aka haifa a 1770, wanda ya yi hijira zuwa Faris bayan faɗuwar mulkin Faransawa a ƙasarsa. Ya buɗe makarantar horar da sojoji da farar hula, ya kuma wallafa littafin koyar da motsa jiki a 1830. Cikin kayan horon irin waɗannan makarantu akwai tsani da igiyar hawa da dokin katako, akwai kuma sanda da aka rataya da igiya biyu. Idan aka dubi sandar daga ƙasa, da igiyoyin a gefe, da gungumen rufi a sama, sai a ga kusurwa huɗu irin na allon lissafi. Wannan ne bayanin da ya fi rinjaye game da yadda aka laƙaba wa sandar sunan trapèze.

A lokacin nan gidan wasan da Faransawa ke kira cirque ya riga ya kafu. Sunan daga Latin yake, ma'anarsa da'ira. Wani tsohon sojan doki na Ingila, Philip Astley, shi ne ya fara nuna wasannin sukuwa a cikin da'ira a Landan a 1768, daga baya aka riƙa haɗa su da masu barkwanci da masu tafiya a kan igiya da masu alkafura. Faɗin da'irar ya daidaita a kan mita 13, abin da ya dace da gudun doki. Sandar lilo ta shiga wannan dandali, amma a matsayin abin nuna ƙarfin damtse: ɗan wasa ya hau, ya rataya da ƙafa, ya juya, ya sauko. Duk abin da zai yi, wani sashe na jikinsa yana manne da sandar.

Daren 12 ga Nuwamba 1859

An haifi Jules Léotard a birnin Tuluz da ke kudancin Faransa a 1838. Mahaifinsa malamin motsa jiki ne mai kula da wurin horo da tafkin ninkaya. An sa yaron karatun lauya, amma zuciyarsa tana wajen igiyoyin mahaifinsa. Ya rataya sanduna a saman tafkin, ya riƙa gwada sakin ɗaya domin ya kamo ɗaya. In ya kuskure, ruwa ne ke tarbarsa. Tafkin nan ne ya ba shi damar faɗuwa sau da yawa ba tare da ya karye ba, abin da sauran 'yan wasa ba su samu ba.

Ranar 12 ga Nuwamba 1859 ya fito a gidan wasan Napoleon da ke Faris, gini mai gefe 20 wanda aka buɗe a 1852, wanda yau ake kira Cirque d'Hiver, wato gidan wasan hunturu. An rataya sanduna uku a jere. A ƙasa an shimfiɗa katifu a kan wani dogon dandamali, babu raga. Cikin minti 12 ya riƙa tashi daga wannan sanda zuwa waccan, har da juyi a tsakani. Abin da ya gigita 'yan kallo shi ne ɗan lokacin da hannunsa bai riƙe komai ba. Wannan sakin hannu shi ne ƙirƙirarsa, kuma daga nan aka sami sunan trapèze volant, wato lilo mai tashi.

A 1861 ya je Landan ya yi wasa a gidan Alhambra, yana shawagi a saman kawunan mutanen da ke zaune suna cin abinci. A 1867 aka yi waƙar Ingilishi a kan saurayin da ke tashi a lilo, wadda George Leybourne ya rubuta baitukanta, ta kuma yaɗu ƙwarai. A 1868 ya kai Niyok. Bai daɗe ba, domin ya rasu a 1870 yana ɗan shekara 32, kuma wata cuta mai yaɗuwa ce ta kashe shi.

Ya bar wata kalmar a baya. Matsattsiyar rigar saƙa da yake sawa domin kada tufa ta harɗe shi, shi maillot yake kiranta. Bayan rasuwarsa Ingilishi ya sa wa rigar sunansa, leotard, wadda masu rawa da masu motsa jiki ke sawa har yau. Faransawa, 'yan ƙasarsa, justaucorps suke ce mata.

Yadda Wasan Ke Gudana

Lilo yana bin doka guda da harshen agogon bango mai kai da kawowa. Tsawon igiya shi ne babban abin da ke ƙayyade lokacin da zai ɗauka ya je ya dawo. Igiya mai mita 1 tana ɗaukar kimanin sakan 2, mai mita 4 kuma kimanin sakan 4. Da zarar lilo ya tashi, ba a iya gaggauta shi ko jinkirta shi yadda aka ga dama. A ƙarshen kowace tafiya akwai wurin da yake tsayawa cak na ƙiftawar ido kafin ya juyo, kuma a daidai wannan wuri ake shirya haɗuwar hannu da hannu.

Léotard daga sanda zuwa sanda yake tashi, wani mataimaki yana tura masa sandar da babu kowa a kai domin ta iso a kan kari. Cikin shekarun da suka biyo baya aka sauya tsarin. Aka sa mutum na biyu ya rataya da ƙafafunsa a lilo na biyu, kansa a ƙasa, hannuwansa a miƙe. Shi ne mai cafkewa. Sanda ba ta gyara kuskure, amma mutum yana iya ƙara miƙewa kaɗan ko ya karkata ya riski wanda ya makara. Ba tafin hannu suke haɗawa ba. Kowane yana damƙe wuyan hannun ɗan'uwansa, ta yadda in riƙon ɗaya ya kwance na ɗayan zai tsaya. Suna shafa farar hoda domin ta shanye gumi. A yawancin ƙungiyoyi mai cafkewa ne ke auna lokaci, ya yi kira da gajeriyar murya, sannan mai tashi ya bar dandamali.

Raga ta shigo wajajen 1870, bayan faɗuwa ta nakasa 'yan wasa da dama. Ita ma sai an koyi faɗa mata. Darasin farko da ake ba sabon ɗalibi shi ne ya sauka da bayansa, domin wanda ya sauka da ka yana iya karya wuya, wanda ya sauka da ƙafa kuma yana iya gurɗewa ko raga ta cilla shi waje. Da raga ta samu, sai 'yan wasa suka fara gwada abin da a da ba wanda zai kuskura, ta haka haɗarin da aka rage ta wata fuska ya dawo ta wata.

Masu Tashi da Masu Cafkewa

Cikin waɗanda suka yi suna a ƙarni na 19 akwai Olga Brown, wadda aka sani da Miss La La. An haife ta a 1858 a birnin Stettin, wanda yau yake cikin ƙasar Folan, mahaifinta baƙar fata, mahaifiyarta Baturiya. Masu tallar wasa sun riƙa laƙaba mata sunayen da ke jingina ta da Afirka domin jawo 'yan kallo, alhali a Turai aka haife ta. Takan rataya a lilo kanta a ƙasa, ta riƙe sarƙar da aka ɗaure igwa da haƙoranta, a harba igwar tana riƙe. Mai zanen nan Edgar Degas ya zana ta a 1879 a gidan wasan Fernando na Faris, ana jan ta zuwa rufi da igiyar da ta ciza. Zanen yana babban gidan adana zane-zane na Landan.

Ma'aunin gwaninta a wannan sana'a shi ne yawan alkafurar da mai tashi zai yi tsakanin sakin sanda da isa hannun mai cafkewa. Alkafura uku ta daɗe tana gagarar mutane, ta kuma kashe wasu daga cikin masu gwada ta. Wahalarta ita ce, saurin juyin yana ɗauke wa mutum sanin inda sama take da inda ƙasa take, ga shi kuma dole ya warware jikinsa a daidai lokacin da hannun mai cafkewa ya iso. Wata yarinya 'yar birnin Riga, Lena Jordan, ita ake ba tarihin fara yin ta, a birnin Sidni na Ostireliya a 1897. Ernest Clarke na Ingila ya yi ta a 1909, ɗan'uwansa Charles yana cafkewa.

Wanda ya mayar da ita abin yi kullum shi ne Alfredo Codona, ɗan ƙasar Meziko da aka haifa a 1893. Daga 1920 ya sa ta cikin wasansa na yau da gobe, ɗan'uwansa Lalo yana cafkewa. A 1928 ya auri Lillian Leitzel, tauraruwar da ke rataya da hannu ɗaya a igiya tana wulwula jikinta ta kan kafaɗa sau da yawa a jere. Ranar 13 ga Fabrairu 1931, tana wasa a Kofanhagan ta ƙasar Danmak, wani ƙarfen da ke riƙe da igiyarta ya karye, ta faɗo. Ta rasu bayan kwana biyu. Codona yana Balin a lokacin. Ya ci gaba da wasa har 1933, sa'ad da ya ji mummunan rauni a kafaɗa wanda ya raba shi da lilo. A 1937, a ofishin lauya a jihar Kalifoniya, ana cikin shari'ar rabuwarsa da matar da ya aura daga baya, Vera Bruce, ya harbe ta ya harbe kansa. Dukansu biyu suka mutu.

Alkafura huɗu ta jira har ranar 10 ga Yuli 1982, lokacin da Miguel Vázquez, shi ma ɗan Meziko, mai shekara 17, ya yi ta a gaban 'yan kallo a birnin Tucson na jihar Arizona. Yayansa Juan ne ya cafke shi. Tsakanin alkafura uku ta farko da huɗu ta farko shekara 85 ne.

Duk wanda ya dubi waɗannan sunaye zai ga abu guda yana maimaituwa: Ernest da Charles, Alfredo da Lalo, Miguel da Juan. Sunan mai tashi ake bugawa da manyan haruffa, amma ransa yana hannun ɗan'uwansa da ke rataye kai a ƙasa, wanda ba kasafai ake tuna shi ba. Wasan ya zama na dangi ne saboda yana bukatar shekaru na horo tare, har kowane ya san numfashin ɗayan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wannan dangantaka ce aka gina fim ɗin Trapeze na 1956 a kanta, wanda aka ɗauka a ginin da Léotard ya fara tashi. Burt Lancaster, wanda ya fito a matsayin mai cafkewa, ya yi sana'ar wasan alkafura kafin ya shiga fim.

Sauran Ma'anonin Kalmar

Daga nan kalmar ta rabu reshe biyu, kowane yana ba da 'ya'ya. Reshen siffa ya shiga ilimin jikin ɗan Adam. Babbar tsokar da ta taso daga ƙeya ta bazu kan kafaɗu ta gangara tsakiyar baya, wadda ke sa mutum ya ɗaga kafaɗa, Faransawa trapèze suke ce mata, domin in aka haɗa ɓangaren dama da na hagu suna ba da kusurwa huɗu. Ƙaramin ƙashin wuyan hannu da ke gindin babban yatsa shi ma sunansa ke nan. Masana taurari sun sa wa wasu taurari huɗu da ke tsakiyar hazon Oriyon wannan suna. A 1958 Yves Saint Laurent, yana ɗan shekara 21, ya fitar wa gidan ɗinki na Dior wata riga mai ƙunci a kafaɗa mai buɗewa zuwa ƙasa, ya kira salon trapèze.

Reshen lilo kuwa ya manta da kusurwa gaba ɗaya, ya riƙe ma'anar ratayawa. A tseren ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska, wayar da matuƙi ke maƙalawa a ƙugunsa ya jingina waje domin kada jirgin ya kife, trapèze ce, alhali waya ɗaya ce tal. Sandar da ake ratayewa a saman gadon asibiti domin majinyaci ya kama ya ɗaga jikinsa ita ma haka, ko da yake sau da yawa kusurwa uku gare ta. A shekarun 1930 manyan jiragen balam-balam na sojan ruwan Amurka, Akron da Macon, suna da wani ƙarfe da ke saukowa daga cikinsu domin ƙananan jiragen sama su maƙale ko su saki, shi ma da wannan suna aka kira shi.

Kalmar a Bakin Bahaushe

Mai fassara zuwa Hausa yana da hanya uku a gabansa. Ta farko aro. Hausa ba ta son baƙi biyu a jere a farkon kalma, shi ya sa take raba su da wasali, kamar a tirela da tarakta da tireda. Tana kuma mayar da sautin p zuwa f, kamar a fensir da famfo da fasinja. Da za a ari kalmar, tirafez ko wani abu kusa da haka za ta koma, kamar yadda Larabcin Masar ya mayar da sautin zuwa b a tarabeza. Amfanin aro shi ne gajarta, illarsa kuma mai sauraro ba ya ganin komai a cikin kalmar.

Hanya ta biyu faɗaɗa kalmar gida. Hausa tana da lilo da shillo, wasan da yara ke yi da igiya a reshen bishiya. Harshen ya saba da irin wannan faɗaɗawa: jirgi na ruwa ne kafin ya zama na ƙasa da na sama, waya ƙarfe ce kafin ta zama abin magana, ƙarfe kuma ya zama lokacin agogo. Sai dai lilo shi kaɗai zai sa mai karatu ya zaci wasan yara ne.

Hanya ta uku ƙirƙira ta bayani, kamar lilon sama ga abin wasa, da siffa mai gefe biyu daura da juna ga darasin lissafi, da tsokar kafaɗa da ƙeya ga darasin kiwon lafiya. Wannan ta fi tsawo, amma ita ce ke hana kuskure, domin tana tilasta wa mai fassara ya tantance wace ma'ana ce a gabansa kafin ya rubuta.

Kammalawa

Kalmar da ta fara da ƙafa huɗu a ƙasa ta zama sunan banki a Atina, sunan birni a Turkiyya, sunan tebur a Alƙahira da Hartum, sunan siffa a allon makaranta, sannan sunan sandar da ba ta taɓa ƙasa ko kaɗan. Ɗan canji ya ɗauki saman teburin, masanin lissafi ya ɗauki kusurwoyinsa, malamin motsa jiki ya ɗauki siffar, Léotard da waɗanda suka biyo shi kuma suka cika kalmar da tashi da faɗuwa, har ta kai ga waya ɗaya ma tana amsa sunan. Ɗalibin da ya san asalin kalma ya sami hanyar tuna ta da fahimtar danginta. Kafin ya fassara ta kuwa, sai ya duba wa ke magana, a wace sana'a, a wace ƙasa, a wane zamani.